Telen da Hotonta Ya Kumbura

Karo na biyu da aka rage ma'aikata a kamfanin ma'adini, sunana ya fito a takardar da aka liƙa a ƙofar atiliye, wato ɗakin gyaran da muke aiki. Ni mutumin Damagaram ne. Na zo Arlit ina saurayi da takardar shaidar aikin lantarki, na daɗe ina gyaran injinan famfo da allunan kuran, wato wutar lantarki, na kamfanin, har na fara ganin kamar a nan zan tsufa. Da uraniyom ya yi kwantai a kasuwar duniya sai aka ce mu kwashe kayanmu daga gidajen kamfani. Na sa maiɗakina da yara a mota zuwa gida, na ce musu ina tafe bayan wata biyu. Wata biyun nan sai da suka zama shekaru.

Na kama rumfa a bakin kasuwa ina gyaran rediyo da tele. Aiki akwai, amma zama ya gagare ni. A lokacin nan tawaye ya yi zafi a duwatsun Abzin, mota ba ta bin hanyar Agadas sai da rakiyar soja, kuma ba wanda ake faɗa wa ranar tashi ko ranar isowa. Kullum da safe kafin in buɗe rumfa sai na biya tasha, in tsaya in kalli fili, in dawo. Da azahar in koma. Ba wani abu nake jira ba takamaimai, ƙafata ce kawai ba ta yarda in zauna. Wani lokaci in kwance rediyo, in baje kayan cikinta a kan tebur, in tashi in bar ta a haka in zaga kasuwa sau biyu. Maƙwabcina tela ya sha ce mini kujerata ta fi ni sanin rumfar.

Wata ranar Talata wani dogon mutum ya tsayar da amalanken jaki a ƙofata, da wani abu a kai an lulluɓe shi da bargo. Na gane shi tun kafin ya sassauta rawaninsa. Ba'abzine ne, direban manyan motocin da ke ɗauko dutse daga ramin ma'adini, kuma takarda ɗaya ta kore mu. Yanzu gadi yake yi a wani gidan kamfani a Akokan, garin da ke maƙwabtaka da Arlit, wanda Baturen da ke ciki ya tafi ƙasarsu bai dawo ba. Muka sauke kayan tare. Tele ce babba mai kala, nauyinta kamar buhun gero.

Ya ce, "Malam, wannan yana magana, amma ba ya gani." Hausarsa haka take, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

Na haɗa ta da kuran. Murya ta fito garau, gilashi kuwa baƙi ƙirin. Na cire murfin baya, na leƙa wuyan kwalbar hoton, na ga ɗan jan garwashin nan yana ci. Na kai bayan hannuna kusa da gilashin, gashi ko ɗaya bai miƙe ba. Na ce masa te-ash-te ta mutu, wato ƙullin wayar da ke ɗaga ƙarfin kuran ya kai dubbai, kuma sai an aika Agadas.

"Kwana nawa?"

"Ka tambayi soja," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon masu wucewa, sannan ya rage murya ya ba ni labari. Mahaifiyarsa tana wurinsa. Daga dajin Dannet ya ɗauko ta bayan fari ya cinye musu raƙuma da awaki, har akuyar ƙarshe. Ƙaninsa, wanda shi ne ke kiwon, ya zauna da su a gari yana neman aiki bai samu ba, wata rana ya ce zai je ganin dangi, shi ke nan. Shekara biyu ba wasiƙa, ba saƙo. Kowa ya san inda samari irinsa suke tafiya. Yanzu ana ta raɗe-raɗin sulhu, an ce tele za ta riƙa nuna waɗanda suka sauko daga dutse don tattaunawa. Tsohuwa ta ji, ta daina cin abinci sosai, ta ce sai ta gani da idonta.

Na ce, "Ai akwai tele a gidaje da yawa. Ga ta shagon mai shayi ma."

Ya ce, "Ba na son kowa ya ga fuskar tsohuwa lokacin da yana kallo."

Na gane. A kwanakin nan ana ɗauke mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Ni kaina sai da na waiwaya in ga ko tela yana saurare.

A ranar na rubuta lambar te-ash-te a takarda na ba wani ɗan kasuwa da ke jiran rakiya. Daga nan direban ya mai da rumfata wurin zuwansa. Yakan sauka daga gadi da safe, ya zo ya zauna, ya tashi, ya zaga, ya dawo. Mu biyu marasa zama a ƙaramar rumfa ɗaya, muna ta kauce wa juna. A kwana na huɗu ko na biyar ya tsaya a kan telen ya ce shi bai yarda ba. Wuta tana shiga, ga garwashi yana ci a wuya, ga murya. Me ya hana hoto?

Amsar da na ba shi ba tawa ba ce. Shef ɗinmu, wato shugabanmu na atiliye, wani dattijo mutumin garin Tawa mai son koyarwa fiye da son aiki, shi ya taɓa zana mana ita da alli a ƙasa lokacin hutun rana, ni kuma ta zauna mini. Na ce wa direban, garwashin da yake gani ɗan ƙarfe ne da aka zafafa, yana sakin wasu ƙwayoyin lantarki da ido ba ya gani, ana ce musu elektaron. Suna fitowa ne ba ƙarfi, suna yawo a bakin wuya. Gaban kwalbar kuma ana ɗora masa tansiyo mai girma, wato ƙarfin jan kuran, wajen bolt dubu ashirin da biyar a tele irin tasa, shi ne yake fizgo su. Tun daga wuya har gaba ana jan su, gudunsu yana ƙaruwa, su zo su daki garin hodar da aka shafa a cikin gilashin, wurin ya yi haske. Yanzu ƙwayoyin suna nan, mai jan su ne babu.

Ya ce, "To a matso da gilashin kusa da wuya."

Na ce ba nisa ba ne. Shef ya nanata mana wannan har muka gaji. Kowane bolt ɗaya da ƙwayar ta ratsa, awo ɗaya na ƙarfi take samu. Ta ratsa dubu, ta samu dubu. Kwalba ta yi tsawo ko ta yi gajarta, lissafin bai canza ba. Na rasa yadda zan ƙara bayani, sai na tambaye shi, in ya saki motarsa daga bakin ramin ma'adini ba giya ba birki, me zai sa ta isa ƙasa da ƙarfi, tsawon hanya ko zurfin rami?

Na ga yana bin hanyar a ransa, kwana bayan kwana. Ya ce, "Zurfi. Amma dogon hanya yana cin gudu. Taya yana ci, iska yana ci."

Na ce shi ya sa aka zuƙe iskar da ke cikin kwalbar kaf, don kada su yi karo da komai a hanya.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To ramin nawa ya cike ke nan," ya ce. "A haƙa mini wani."

Rakiya ta iso bayan kwana goma sha tara. Na ji ƙarar motoci ina tsakiyar liƙa waya, na ajiye ƙarfen liƙin da zafinsa a kan tebur na fita da gudu, sai tela ne ya cire shi daga kuran. Ɗan kasuwar ya sauko fuska duk gajiya, ya ce ya zaga masu kayan gyara uku a Agadas, babu irinta, amma ɗaya ya yi alkawarin aikowa daga kudu. A makon nan kuma maganar ta ƙara ƙarfi: ranar Juma'a za a nuna zaman sulhun a labaran yamma.

Akwai teloli guda shida a ƙarƙashin teburina waɗanda masu su suka kawo gyara suka bar gari ba su waiwaye su ba. Na jawo wata ƙarama mai kala da kwalbarta ta tsage, na cire te-ash-te ɗinta. Ba a yi ta don babbar kwalba ba, ƙafafunta ma ba su dace da ramukan ba. Na yini biyu ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaura waya a inda ya kamata a ce ƙafa ce ta shiga. Direban yana tsaye a kaina har na ce ya je ya sha shayi ya bar ni in yi numfashi.

Ranar Alhamis da hantsi na kunna. Na ji ɗan ƙaran nan na tsit-tsit, gashin hannuna ya miƙe. Haske ya fito, amma ya karkace, sai na kashe don in gyara zaman robar da ke manne a gefen kwalbar. Kwalbar tele tana riƙe da kuran ko bayan an kashe ta, kowane mai gyara ya san sai an sa turnabis, ƙarfen kwance sukuro, an zubar da shi tukuna. Na yi shekaru ban taɓa mantawa ba. Ran nan gaggawa ta sa na kai hannu haka nan. Abin da na sani kawai shi ne na tsinci kaina a zaune a ƙasa, bayana a jikin kwanon rumfa, hannuna ya mutu har kafaɗa, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Tela ya leƙo yana salati. Direban ya ɗaga ni, ya riƙe hannun yana murzawa.

"Wannan ne dubu ashirin ɗin?"

"Ragowarsa ne," na ce. "Kuma bai kai ba."

Da gaske bai kai ba. Da na daidaita komai, hoton ya fito dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin mayafi, kuma ya kumbura. Kan mai magana ya taɓa sama, rubutun ƙasa ya nutse, gefe da gefe sun fita daga gilashi. Direban ya tambayi dalili. Na nuna masa naɗin wayar da ke kewaye da wuyan kwalbar, na ce wannan maganaɗisu ne da ke karkata ƙwayoyin hagu da dama, sama da ƙasa, su zana hoto. An auna shi ne don masu gudu sosai. Waɗannan da ƙaramin tansiyo ya jawo ba su da wannan gudun, don haka suna karkata fiye da kima, na gefe su wuce gilashin gaba ɗaya. Na juya 'yan sukurorin da ke rage faɗi har ƙarshensu, ya ɗan shigo, ya tsaya. Ya ce a haka ma ya gode.

Juma'a bayan la'asar muka ɗora ta a amalanke muka kama hanyar Akokan. Ya ce sai na zo, ko telen za ta yi gardama. Ban so ba. A shingen da ke tsakanin garuruwan biyu wani soja ya sa muka kwance bargo, ya sa na buɗe bayan telen, ya leƙa ya ga wayoyin da na ɗaɗɗaura. Ya dube ni, ya dubi direban.

"Kai mutumin ina ne?"

"Damagaram."

"Me ya haɗa ka da wannan?"

"Aiki ɗaya muka yi, rana ɗaya aka sallame mu."

Ya ɗan jima yana juya katina a hannu, sannan ya miƙo mini ya ce mu wuce. Muka ci gaba ana ta zungurar jakin har muka isa.

Gidan Baturen fanko ne, ba kujera ba labule, sai kuran da ba a yanke ba. Direban da mahaifiyarsa suna zaune a ɗakin gadi a baya, ita ma ta kafa 'yar rumfar tabarma a tsakar gida don ta ce ba ta iya barci a ƙarƙashin siminti. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin zane, hannayenta sun rine da shuni. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni?" Ta amsa da Tamajak, harshen Abzinawa, ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce wani abu. Ɗanta ya ce tana tambaya ko wannan ne hannun da wuta ta cije.

Muka ajiye telen a ƙasa a babban ɗaki, muka yi magariba, muka zauna a tabarma. Ni dai ban zauna ba sosai, ina tsugune a gefen akwatin, ina jin warin zafi yana tashi daga wayoyina, ina roƙon Allah su kai ƙarshen labarai. Aka yi kiɗan buɗewa. Mai karanta labarai ya fito da rabin goshi, ya yi magana da Faransanci, sai aka nuna wani babban zaure. Manya a tsakiya, a kan tebur mai furanni. Daga nan na'urar ta juya kan wasu mutane masu rawani da ke zaune a jere a kujeru, ta tsaya a kansu.

Tsohuwa ta matso da gwiwa har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A can ƙarshen hagu akwai wani da hoton ya yanke, ba a ganin komai nasa sai kafaɗa da hannu ɗaya a kan gwiwa. Yatsanta ya tsaya a nan. Sai ta leƙa gefen akwatin, wajen katako, kamar sauran jikinsa yana can. Ta yi magana da sauri.

"Tsohuwa ya ce shi ne," in ji direban. "Malam, jawo shi ciki."

Dabara ɗaya ta rage mini. In aka rage haske, ƙwayoyin da ke zuba suna raguwa, nauyi ya sauka daga kan te-ash-te, tansiyo ya ɗan hau, hoto ya tsuke. Na kama maɓallin haske na juya a hankali. Mutumin ya fara shigowa, ga ƙirji, ga gefen rawani, ga inda fuska take. Amma duk abin da ya shigo duhu yana cinye shi. Lokacin da kansa ya gama shigowa gilashi, inuwa ce kawai a cikin inuwa. Na ƙara haske, ya fice. Na rage, ya dawo baƙi. Ina cikin neman tsakiya aka ɗauke hoton aka koma kan masu jawabi.

Muka jira har aka gama labarai, ba a sake nuna jeren ba. Washegari aka maimaita da Hausa da Tamajak, an gajarta, zauren kawai aka nuna da tebur.

Tsohuwa ba ta damu da maimaicin ba. A daren farko ma, muna naɗe waya, ta tashi ta dama fura ta sha, ta miƙo mana saura. Ta ce ta san hannun da ta haifa, haka yake ɗora shi a gwiwa tun yana yaro, babban yatsa a ɓoye. Daga ranar ta koma cin abinci, ta fara saƙa tabarma tana ba ɗanta yana kaiwa kasuwa. Mu ne abin ya bari a tsaye. Direban yakan zo rumfa ya ce, "Kai ka fi kusa. Me ka gani?" In ce kafaɗa na gani da hannu. Ya ce shi ma. Ya tafi, jibi ya dawo da tambayar. Ni kuma na riƙa sake lissafin a kaina ina tafiya a hanya: da na ƙara naɗi kaɗan, da na canza wancan kondansatar mai tara kuran, da bolt dubu biyu kawai sun ƙaru, da an ga fuska. Har takarda na cika da zane, alhali ba sauran amfani.

Te-ash-te ta gaskiya ta iso bayan wata biyu. Na je na sa ta, hoto ya fito tas, kowane gefe a wurinsa, launi kamar a taɓa. Muka kalli wasan kokawa da wani shiri a kan noman albasa. Tsohuwa ta kalli kaɗan ta koma rumfarta.

An yi sulhu, hanya ta fara buɗewa, samari suka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan. Fiye da shekara bayan wannan Juma'ar, ina cin abincin rana a rumfa, direban ya shigo da wani siririn mutum mai kama da shi, sai dai ya fi shi duhu da rama. Ya ce, "Ga shi." Muka gaisa. Ƙanin bai yarda ya zauna ya ba ƙofa baya ba, ya ja benci ya jingina da bango. Na aika aka kawo shayi. Direban ya ce zai je ya dawo, ya bar mu.

Na zuba wa ƙanin shayi. Na lura da hannunsa a kan gwiwa, yatsu biyar a shimfiɗe.

Ya ce, "An ce kai ne ka nuna ni a tele." Hausarsa ta fi ta wansa tsabta.

Na ce na yi ƙoƙari dai.

Ya ce shi bai taɓa zuwa babban birni ba, bai taɓa shiga zaure irin wannan ba. Lokacin da ake wancan zama yana can arewa kusa da iyaka, kwance da ciwon ƙafa, wata uku ba ya iya takawa. Ya faɗa wa wansa. Tsohuwa ce bai faɗa wa ba, domin tun daren da ya iso take ba shi labarin yadda ta gan shi a cikin manya, kuma ta riga ta faɗa wa duk matan da ke zuwa gaishe ta.

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a ƙasa.

"A wane gefe nake zaune?"

Na ce, "Hagu. Can ƙarshe."

"Rawanin fari ne ko baƙi?"

"Ba a gane ba. Hannunka na dama yana kan gwiwa, babban yatsa a ɓoye."

Ya dubi hannunsa, ya lanƙwasa yatsan ya tura shi ƙarƙashin sauran, ya ɗan riƙe shi a haka. Ya ce, "Hagu, can ƙarshe." Sannan ya shanye shayin, ya yi mini godiya, ya fita neman wansa a cikin kasuwa.